Yogot ɗin Shekaranjiya da Masu Cikin Ƙarfe

Tun kafin in buɗe baki na ga wasunku sun fara taɓe nasu. Musamman ku dattawan majalisar bakin kasuwar Rano, da takwarorinku na Kibiya da Tarai, waɗanda da an nuna muku kwanan wata a jikin roba sai ku ce ai dabarar kamfani ce, don a zubar a sake saye. Na ji ku. Na kuma ji ɗaya hujjar, wadda ta girmi kowa a wurin: wai cikin baƙin mutum bai san boko ba, abin da bai kashe akuya ba ba zai kashe ɗan Adam ba. To Kawu, akuya dai har leda take ci, kuma ka tambayi mahauta abin da suke tararwa a tumbinta. Gyara zama.

Ku kuma 'yan bokon da kuka koma gefe kuna murmushi, kuna jiran in zazzage wa tsofaffi kwandon magana, kada ku yi saurin dariya. Naku na nan tafe, kuma ya fi nasu yaji.

Ɗauko robar, juya ta. In tabarau ya yi nisa, kira jikanka. Za ka ga wasu ƙananan baƙaƙe kusa da wuya ko a kan murfi. Inda aka sa MFD, ranar da aka haɗa abin ke nan. Inda aka sa BB, kamfani ne ke cewa har zuwa wannan rana ya tsaya wa ɗanɗano da ƙamshi da kauri. Bayan nan biskit na iya yin laushi, ganyen shayi ya rasa ƙamshinsa, amma ba guba suka koma ba. Inda kuwa aka sa EXP, ko aka rubuta cewa a yi amfani da shi kafin rana kaza, wannan zancen lafiya ne. Shi ake sa wa magani da madarar jarirai da nama ko kifin da aka naɗe a leda, kuma ba a ciniki a kansa. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ta wajabta wa masu naɗe abinci su rubuta kwanan wata da lambar rajista da adireshinsu. Da yawanmu sai a zamanin marigayiya Dora Akunyili, tsakanin 2001 da 2008, muka koyi juya kwalba muna neman lamba kafin mu biya kuɗi.

Sai dai akwai abin da ku duka biyun, tsofaffi da 'yan boko, kuke tsallakewa. Wannan kwanan wata alkawari ne mai sharaɗi, kuma sharuɗɗan biyu ne: muddin ba a ɓalle murfin ba, muddin kuma an ajiye shi yadda aka ce. Ga yogot na roba da na leda, yadda aka ce ɗin shi ne cikin sanyin da bai haura digiri 4 ko 5 a ma'aunin Salshiyas ba, tun daga ƙofar kamfani har zuwa bakinka. Yanzu don Allah bi robar nan da ido. Ta baro Kano a bayan mota, ta biyo ta Karfi da Bunkure da tsakar rana, an sauke ta a shago ana cikin ɗaukewar wuta, ta kwana a firizar da ƙanƙararta ta narke tun la'asar, da safe yaro ya zuba ta a kula ya nufi tasha. Tawadar da ke jikinta ba ta san an yi wannan tafiya ba. Ko a kan murhu ka ɗora robar, ranar da aka buga tana nan yadda take.

Bari in ba ku wani makami, ya dattawa, don kada ku ce na zo da son kai. A watan Janairun 2022, wani babban kantin Ingila mai suna Morrisons ya cire ranar "kada a wuce", wato irin ta EXP ɗin nan, daga jikin mafi yawan madararsa, ya ce wa masu saye su riƙa shinshinawa. A cikin shekarar, kantin Co-op ya yi irin haka da yogot ɗinsa, saboda ɗimbin mai kyau da ake zubarwa a shara. A Amurka ma, dokar tarayya ba ta tilasta wa kowa buga kwanan wata a jikin abinci ba, in ban da madarar jarirai. Na ga Kawu ya ture hula gaba. Wato bayan duk bokon da suka yi, Turawa sun dawo kan hancin Inna.

Mayar da hular tukuna. Madarar da Bature ke shinshinawa an riga an gasa ta a zafin digiri 72 na daƙiƙa 15 don kashe ƙwayoyin cuta, ta hau mota mai sanyi, ta sauka a kanta mai sanyi, ta shiga firjin da bai taɓa jin an ce "sun ɗauke" ba. Duk da haka hukumar kula da abinci ta ƙasar ta ja kunne cewa hanci na aiki ne a kan abin da ranarsa ta daɗi ce, ba a kan wanda ranarsa ta lafiya ce ba. Kai kuwa kana so ka ari hukuncinsu ka bar musu firjinsu.

Matsalar hanci ita ce masu surutu kaɗai yake kamawa. Ƙananan halittun da ke shiga nono iri-iri ne. Akwai masu ɓata shi a bayyane, su sa shi wari da kumfa da yauƙi. Waɗannan ko yaro ya gane su, kuma sau da yawa iyakarsu su tayar maka da zuciya. Akwai kuma masu aiki shiru. Salmonela, wadda 'yar gidansu ce ke kawo taifot, ba ta da wari. Listeriya ba ta canza launin komai, kuma ita har a cikin firji takan ci gaba da hayayyafa a hankali. Ga mai juna biyu tana iya jawo ɓari. Akwai wata da ke zaune a fatar mutum da cikin hancinsa, in ta samu abinci mai ɗumi sai ta zuba dafin da ko an sake tafasawa ba ya mutuwa. Duk waɗannan za ka shinshina, ka ɗanɗana, ka ce lafiya lau, sannan cikin dare a ji ka kana neman buta da fitila.

Ban ce tsofaffi ba su da gaskiya ko kaɗan ba. Suna da ita, kuma babba. Tsami kariya ne. Abin da ke mayar da madara yogot ko kindirmo wasu ƙwayoyi ne masu amfani, suna cinye sukarin da ke cikin madarar suna fitar da tsami, tsamin kuwa yana takura wa yawancin masu cutarwa. Wani ɗalibin likita ɗan Bulgeriya, Stamen Grigorov, shi ya fara gano ɗaya daga cikinsu a birnin Janeba a 1905. Matan Fulani dai ba su jira sakamakonsa ba, sun daɗe suna zuba ragowar nonon jiya a madarar yau su rufe da faifai. Shi ya sa madara ke lalacewa cikin wuni, kindirmo kuwa ya kai gobe yana taƙama. Mutanen Rano ma bai kamata a yi musu dogon bayani a nan ba, tunda tarihi ya ba su sarautar baba tare da Kano. Duk wanda ya taso kusa da karofi ya san ruwan baba abu ne mai rai: marini na haɗa shi, ya jira ya tashi, ya yi aiki da shi kwanaki, sannan wata rana ya leƙa ya ce ya mutu, kuma ba ya tsayawa gardama da rami. Nono ma haka yake, yana da tashi, yana da ganiya, yana da mutuwa. Bambancin kawai, mataccen baba zane yake ɓatawa.

Kuma tsamin nan yana da waɗanda ba sa jin tsoronsa. Fumfuna da yis a cikin tsami suke jin daɗi. Sannan yogot ɗin zamani ba irin na rugar Goggo ba ne: an zuba sukari, an sa kwakwa da dabino, wani an dama shi da fura tun a shago an rufe. Kowane ƙari yana rage tsamin, yana kuma shigo da nasa baƙin. Fura da yogot mai kwakwa da aka haɗa da hantsi ba abin ajiya ba ne, abin sha ne a tashi.

To, kwana nawa ke nan bayan an buɗe? Na san tambayar da kuke jira ke nan, har Hajiya ta daina tankaɗe. Ma'aikatar noma ta Amurka ta ce yogot na yin mako 1 zuwa 2 a firji, wata 1 zuwa 2 a daskare. Nasu firjin ke nan. A nawa ganin, a nan wajenmu, in firjinka na sola ne ko wutarku ta tsaya tsayin daka, ka shanye buɗaɗɗen yogot cikin kwana 5 zuwa 7, kuma lissafin daga ranar da ka ɓalle murfi yake farawa, ko da ranar jikin robar saura wata guda. Na kwali, wanda ake jerawa a kanta ba sanyi har watanni, ya samu wannan juriya ne don an gasa shi da zafi mai tsanani an rufe ba iska. Da ka huda shi gatansa ya ƙare, sai firji, sai 'yan kwanakin da aka rubuta a gefensa.

A waje kuwa, ƙa'idar masana abinci awa 2 ce. In zafi ya haura digiri 32, awa 1. Ku gaya mini, a watan Afrilu, lokacin da duwatsun Rano ke mayar da zafin rana har bayan magariba, ma'auni yana lasar 40, wane ɗaki ne a Rurum ko Saji yake ƙasa da 32? Zan yi muku sassauci ɗaya: tsantsar kindirmo mai tsami, marar sukari, yakan jure fiye da haka, balle da hunturu. Amma mai zaƙi na roba da aka buɗe bayan azahar aka ajiye a kan taga, kada ya ga isha'i.

Na ji wani daga baya yana cewa ai shi yana da firji. Alhaji, muna taya ka murna. Yaushe rabonsa da wuta? Firjin da aka ɗauke wa wuta yana riƙe sanyinsa kamar awa 4, in ba a buɗe shi ba. Firiza cikakkiya takan kai awa 48, rabi kuwa 24. In ba a buɗe ba, na ce. A gidan da yara takwas ke zarya neman ruwan sanyi, raba wannan lissafi biyu ka ƙara da addu'a. Akwai gidajen da na sani, firjin ya daɗe da yin ritaya har an fara adana takardun makaranta a ciki, amma da an buɗe yogot sai a ce a kai firji, kowa hankalinsa ya kwanta.

Sai kuma zancen baki da cokali, wanda a ganina ya fi kwanan wata muhimmanci nesa ba kusa ba. Maigida ya dawo daga gona, ya ɓalle murfi, ya kafa kai, ya yi kurɓi uku, ya mayar ya ce a ajiye masa. Autan gida ya lallaɓo ya yi nasa. Uwargida ta tsoma cokalin da ta ɗanɗana miya da shi. Kafin gari ya waye robar nan ta karɓi baƙuncin bakin mutum uku da tukunya ɗaya. Abin da ya kamata ba wuya: a tsiyaya wanda za a sha a kofi, a rufe sauran nan take, a tura shi can cikin firji, ba jikin ƙofa ba inda ɗumi ke fara shiga. Robar da aka kafa wa kai kuwa, mai ita ya ƙarasa abinsa a ranar.

Ga abin da ido zai duba. In ka ga wani ruwa-ruwa mai ɗorawa ya taso a sama, wannan ba lalacewa ba ce, ruwan nonon ne ya ware. Juya ka sha. Ƙarin ɗan tsami ma ba laifi ba ne. Amma in roba ko leda ta kumbura ta yi tam, in ka buɗe ta yi tsaki tana kumfa, in ka ji wari mai kama da na abin da ya fara zama giya, ko ɗaci, ko ka ga yana jan zare, to an gama. In kuwa fumfuna ta fito, kore ko baƙa ko ruwan hoda, duka za a zubar. Na san dabararki, Hajiya: a sa cokali a kwashe saman, a ce na ƙasa lafiyarsa ƙalau, a dama wa yara. Abin da kika gani a sama kan ne kawai, saiwoyin sun riga sun ratsa ƙasa, don abu mai ruwa-ruwa ba ya tare su.

Yanzu ku matso, 'yan boko. Ku ne za ku tashi ƙarfe 12 na dare ku duba waya, ku ce taliya ta yi esfaya, a zubar, alhali busasshiyar taliya da shinkafa da sukari da gishiri, in ba danshi ko ƙwari, ba su san an yi tsakar dare ba. Ku ne kuma za ku karɓi robar yogot mai ɗumi kamar an ciro ta daga aljihu, ku duba ku ga saura mako uku, ku shanye kuna yi wa mai ƙwarya kallon raini. Hannunku ya gaya muku gaskiya, kuka ƙaryata shi don tawada. Ko karatun ranar ma ba kullum kuke cin sa ba: 03/04 a jikin kayanmu 3 ga Afrilu ne, a jikin kayan Amurka kuwa 4 ga Maris. Ga kuma masu goge tsohuwar rana su buga sabuwa, waɗanda NAFDAC da hukumar kare haƙƙin masu saye ta Jihar Kano suke kamawa lokaci-lokaci. In ka ga wurin ranar ya yi dishi-dishi, ko an manna wata takarda a kai, ko tawadar na bin yatsa, ajiye musu kayansu.

Kafin Kawu ya ce to ashe rubutun ma banza ne, bari in tuna masa abin da ya faru a Kano gab da azumin 2021. Mutane suka riƙa zuwa asibiti da amai da fitsarin jini bayan sun sha lemon da aka haɗa da garin ɗan tsami. Gwamnatin jiha ta ce mutum 10 sun rasu, kimanin 400 sun kwanta. Da farko an ɗauka kayan da wa'adinsu ya wuce ne kawai. Da NAFDAC ta gwada, sai ta samu wani sinadarin masana'antu da ba na ci ba ne sam, ana auna shi a matsayin ɗan tsami. Waɗanda suka sha ɗin nan duk suna da hanci da harshe. Abin da aka ɗebo daga buhu aka ƙulla a farar leda, ba suna ba lamba ba adireshi, ba wanda za ka riƙe in ta ɓaci. Amfanin rubutun ke nan tun kafin a zo kan kwanan wata.

Saura mai ƙwarya. Ni ba Babarbare ba ne, don haka ba ni da lasisin tsokanar Fulani, amma ko su sun san ba a taɓa tambayar mai nono "na yaushe ne?" ta ce na shekaranjiya ba. Kullum na yau ne. Kuma sau da yawa gaskiyarta ne, domin ita ba ta da firjin da za ta dogara da shi: ta tatsa, ta dafa, ta kwantar, ta kawo, ta sayar, ta wanke ƙwarya ta kife a rana. Ga shi gobe ma a gindin bishiyar nan za ka same ta, in nononta ya ɓata maka ciki ka san inda za ka kai ƙara. Tambayar da ta dace da ita daban ce. Goggo, an dafa madarar kafin a kwantar? Domin ɗanyar madara na iya ɗauko bakkale da tarin fuka daga saniya zuwa mutum, kuma tsami ba ya ba da tabbacin kashe su. Sannan da wane ruwa aka sirka? Tsala da aka cire wa mai, aka ƙara wa ruwa, aka ɗaure da garin kuka don ya yi kauri, lafiyarsa lafiyar ruwan ce. Wanda ya ga kwalarar daminar 2021, wadda Kano na cikin jihohin da ta fi yi wa ɓarna, ba zai ce wannan tambaya iyayi ba ce. Haka ƙanƙarar da ake jefawa a fura: ba a san rijiyar da ta fito ba.

Masu cewa randa ta ishe su, ban raina randa ba. Wani malami daga Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya samu kyautar Rolex a shekarar 2000 saboda tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda ke sa tumatir da yalo su daɗe ba su yanƙwane ba. Tana rage zafi sosai, musamman da rani in iska ta bushe. Amma ba ta sauka zuwa digiri 4. Za ta kai maka kindirmon safe zuwa dare cikin mutunci. Mako guda kuwa ba aikinta ba ne.

Na san duk da haka akwai wanda zai buga ƙirji ya ce shekara sittin yana shan kwantai bai taɓa ko ciwon kai ba. Wataƙila haka ne, Baba, ko da yake mutanen gida sun ce akwai wasu darare da ba ka sa su a lissafi. Cikinka naka ne. Amma kada ka yi gwajin da cikin yaro ƙarami, ko mai juna biyu, ko tsohuwar da ke fama da ciwon suga, ko wanda bai daɗe da tashi daga jinya ba. Abin da zai tsaya maka a murɗawar ciki su yana iya kwantar da su. Jariri ɗan ƙasa da wata 6 kuwa ba ruwansa da wannan gardama gaba ɗaya, nonon uwarsa kaɗai.

In kuma an riga an sha, ciki ya fara kiran sallah ba lokacinta ba, ga abin yi kafin a fara neman wanda ya yi baki. A samu tafasasshen ruwa lita 1 da ya huce, a zuba sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali, a riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan. In akwai ƙullin gishiri da sukari na kemis, ya fi. Ba a buɗe kafso a zuba a koko. In gudawar ta zo da jini, ko zazzaɓi mai zafi, ko amai ya hana komai zama, ko yaro ya yi laushi idonsa ya faɗa fitsari ya ɗauke, a ɗauke shi sai asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne. Mutanen Kibiya, da ku nake: ban ce a bari sai ranar kasuwa a haɗa tafiyar da sayen taki ba.